Rikoda Mai Faifai Biyu da Tsawon Waƙar Bahaushe

Kafin kaset ya cika kasuwannin Kankiya da Kusada, akwai wata rikoda da ba kowa ya taɓa sa wa hannu ba: mai faifai biyu a fili, zare na fita daga na hagu, ya bi ta gaban kan na'urar, ya naɗe a na dama. Jamusawa ne suka fara nuna irinta a 1935, ƙirar kamfanin AEG. A ƙasar Hausa kuwa gidanta shi ne gidan rediyo, musamman Rediyon Kaduna da aka buɗe a 1962, sai manazarta, sai ɗaiɗaikun ma'aikata da 'yan kasuwa da suka sayo Grundig ko Akai ko Sony suka ajiye a ɗaki. Da kamfanin Philips ya fito da kaset a 1963, ya zo da arha da sauƙi, a hankali ya ture ta gefe.

Abin da ya sa nake ganin bai kamata a bar ta a jibge da tsofaffin kaya ba shi ne tsawon lokaci. Faifan garmaho na da, fuska guda ba ta wuce kamar minti 3. Waƙar Bahaushe kuwa ba a gina ta a kan minti 3 ba. Mawaƙi yakan fara da kirari, ya kafa amshi, ya ɗauko zuriyar wanda yake wa waƙa, ya ga wani ya shigo fili ya saka shi ciki, ya yi habaici, ya komo. Garmaho ya tilasta masa ya datse duk wannan. Faifan zare mai faɗin inci 7 da ke ɗauke da ƙafa 1,200 yana ba da wajen minti 32 in yana tafiyar inci 7½ a sakan, ya ninka haka in an rage gudun zuwa 3¾. A nan ne aka fara kama waƙa da tsawonta na gaskiya, har da guɗa da hayaniyar 'yan kallo da muryar sanƙira. Duk wanda ya san Mamman Shata, ɗan Musawa da ke maƙwabtaka da Kankiya, ya san waƙa ɗaya ba ta fitowa iri ɗaya sau biyu a bakinsa. Ke nan kowane zare da aka ɗauka a wani biki shaida ce da ba ta da ta biyu. A wancan zamanin na rikoda mai faifai ne manazarci Anthony King ya yi aikinsa kan waƙoƙin bori a Katsina, shi da David Ames kuma suka fitar da littafinsu na kalmomin kiɗan Hausa a 1971.

Sarrafa rikodar a gida aiki ne na natsuwa, kuma a nan ne mafi yawan ɓarna ke faruwa. Mutum ya tsinci faifai a akwatin mahaifinsa, zumuɗi ya kama shi, ya ɗora ya danna. Kuskure ne babba. Da farko sai a shinshina. In yana warin tsami irin na ruwan kal, jikin zaren ya fara ruɓewa, zai iya tsinkewa da ɗan ja kaɗan. Wasu zarurrukan na shekarun 1970 da 1980 kuma wata cuta ce ke kama su: gam ɗin da ke riƙe garin ƙarfen da murya ke kwance a kai yana shan laimar damina ya yi danƙo. Da an kunna sai a ji ƙara kamar kukan ƙofa, a ga baƙin datti na taruwa a kan na'urar. Wannan dattin shi ne muryar da kanta take gogewa. Ƙwararru kan gasa irin wannan zare a zafi kaɗan, wajen digiri 50, na sa'o'i da yawa kafin su kunna, amma ba aikin murhu ko rana ba ne, kuma ba a yi wa mai warin tsami haka.

Sai ita na'urar. Ƙurar hunturu tana shiga ko'ina, don haka kafin kowane kunnawa a goge kan da sauran ƙarafan da zare ke bi da auduga da ɗan sifirit, a bari ya bushe. A duba robar da ke matse zare. In ta ƙandare ko ta narke, za ta tauna shi. Bel ɗin ciki ma yakan saki saboda zafin bazara. Wuta kuma tana da nata sharaɗin: yawancin tsofaffin rikodojin gida gudun injinsu yana bin bugun wutar ne. Ƙaramin janareta mai hawa da sauka zai sa kalangu ya riƙa lanƙwasa inda makaɗi bai lanƙwasa ba, rikodar da aka ƙera don wutar Amurka kuma za ta ja murya ƙasa ko da an sa mata tiransifoma. Wanda bai san wannan ba sai ya ɗauka haka mawaƙin ya yi. Maɓallin ɗauka kuwa, gara a liƙe shi da salatif, domin danna shi sau ɗaya bisa kuskure yana share abin da ke kan zaren har abada.

Ina da ja da masu cewa tunda waƙoƙin Shata da Narambaɗa sun cika wayoyi, magana ta ƙare. Abin da ke yawo a waya yawanci kwafin kwafi ne, an datse farko, ba suna, ba shekara, ba wurin da aka yi. Abin da ke kwance a gidaje kuma ba na shahararru kaɗai ba ne: akwai makaɗan noma da na 'yan dambe da ba su taɓa shiga gidan rediyo ba, akwai wa'azi da karatun malaman gari, akwai hawan salla. Saboda haka a haɗa rikodar da kwamfuta tun kunnawar farko, domin wani zaren ba zai jure ta biyu ba. A kuma zaunar da dattijon da ya halarci zamanin a gefe, da biro da takarda, ya faɗi wane ne ke waƙa, su wa ke amshi, bikin wa ake yi, a rubuta a jikin kwalin da kuma sunan fayil ɗin.