Take da kunnen mai shi: La Nigérienne a gefen sinfoni ta 9 ta Dvořák

A Hausa kalmar "take" tana da ma'anarta tun kafin a liƙa mata "ƙasa". Take shi ne kiɗan da ake yi wa mutum guda, sarki ko ɗan dambe ko manomi, wanda da an buga shi mai shi zai tsumu, jama'a kuma su gane wa ake nufi ba tare da an ambaci suna ba. Da wannan ma'auni za mu duba La Nigérienne, taken da Nijar ta riƙe daga 1961 zuwa 2023, mu jera shi da wani kiɗan Turawa da shi ma ya fito a inuwar bikin tunawa.

A 1892, shekarar da Amurka take bikin cika shekara 400 da isowar Kolumbus, Jeannette Thurber ta ɗauko Antonín Dvořák, mutumin ƙasar Cek, ya shugabanci makarantarta ta kiɗa a Niyok. Burinta shi ne ya nuna wa Amurkawa hanyar samun kiɗan kansu. Abin da ya fara yi shi ne saurare. Wani ɗalibi baƙar fata, Harry Burleigh, jikan wanda ya taɓa zama bawa, ya riƙa rera masa waƙoƙin ibada na bayi. Daga Janairu zuwa Mayun 1893 Dvořák ya rubuta sinfoni tasa ta 9, wato dogon kiɗa mai kashi huɗu na taron goge da bushe-bushe, ba muryar mawaƙi, aka kuma fara buga ta a zauren Carnegie ran 16 ga Disamba 1893. Zaure ya yi ta tafi, amma wasu masanan Boston sun ƙi yarda da cewarsa wai kiɗan Amurka a kan waƙar baƙaƙe zai ginu.

Inda ya fi jan hankalinmu shi ne kashi na biyu. Can wata algaitar Turawa mai sanyin murya take busa wani kari a kan sauti biyar, irin matakalar da kunnen Bahaushe ba ya baƙunta. Karin na Dvořák ne, bai ɗauko shi daga bakin kowa ba. Amma da ɗalibinsa William Arms Fisher ya sa masa baituka a 1922, sai mutane da yawa suka ɗauka tsohuwar waƙar bayi ce. Masana suna kiran wannan kuskure. Mu a wajenmu shaida ce: mai take ya ji takensa.

La Nigérienne ma baƙi suka shirya ta, Faransawa uku: baituka na Maurice Albert Thiriet, kiɗa na Robert Jacquet da Nicolas Frionnet. Saboda haka ba baƙuntar mawallafi ce matsalar ba. Matsalar ita ce ba mu jin alamar saurare a ciki. Tafiyar ta ƴan badujala ce. Babu amshi irin namu, babu gurbin kakaki ko tambari, alhali fadar Damagaram kaɗai ta isa makaranta. An buga ta kowane 3 ga Agusta da 18 ga Disamba, har a bikin cika shekara 60 na Jamhuriya da aka yi a Damagaram a 2018. Ɗan makaranta a Dantchiao ya rera ta gaban tuta da Faransancin da bai gama koya ba, uwarsa kuwa ba ta da inda za ta kama ta yi masa amshi.

Da gwamnati ta yanke shawarar canza taken a 2019, abin da aka fi kuka da shi baiti ne guda, mai kiran ƴan ƙasa su yi godiya da ƴancin da suka samu. Koken yana da hujja, sai dai ya tsaya ga ma'anar kalmomi. L'Honneur de la Patrie, da majalisa ta amince da shi ran 22 ga Yuni 2023, shi ma da Faransanci ne.

A 2025 dokar sake gina ƙasa ta mai da Hausa harshen ƙasa. In har za a rera taken da Hausa, aikin zai biyo ta kanmu, kuma fassara kaɗai ba za ta wadatar ba: Hausa harshe ne mai karin sauti da gaɓa doguwa da gajera, kuma karin da aka yanka wa Faransanci yana iya mai da "fari" na launi ya koma "fari" na rashin ruwa.