Jinjina ga Masu Ƙera Wasannin Waya

Yaron da ke gindin darbejiya a Kangire yana latsa waya bai san wuyar da aka sha kafin wasan ya iso hannunsa ba. A 2012 Hugo Obi ya kafa kamfanin Maliyo Games a Legas, domin 'yan Afirka su ga rayuwarsu cikin wasa: ɗan acaɓa a Okada Ride, kashe sauro a Mosquito Smasher, karta a Whot King. Mai zane ya zana, mai tsara manhaja ya kwana yana farautar kuskure guda, ga wuta sai ta ga dama. A 2024 kamfanin ya fitar da wasan Iwájú tare da Disney. Sannunku da aiki. Ba don ku ba, da 'ya'yanmu ba su ga kansu a allon waya ba.