Jigon Ci da Zumunci a Cikin Tokyo Ghoul na Sui Ishida

1.0 Gabatarwa

Manga suna ne da mutanen Japan ke kiran labarin da ake tsarawa da zane da 'yan kalmomi kaɗan, kuma a can ba adabin yara kaɗai ba ne. Littafin da wannan maƙala za ta nazarta, wato Tokyo Ghoul, Sui Ishida ne ya rubuta shi kuma ya zana shi. An buga shi kashi-kashi a mujallar Weekly Young Jump tsakanin shekarar 2011 da 2014, sa'an nan aka tattara shi cikin juzu'i 14. Ci gabansa, Tokyo Ghoul:re, ya fito daga 2014 zuwa 2018 cikin juzu'i 16. Masu karatu da yawa sun ɗauke shi labarin ban tsoro da zubar da jini kurum. Manufarmu a nan ita ce mu nuna cewa babban jigonsa shi ne ci, da abin da mutum ke rasawa idan ya kasa sa hannu a akushi ɗaya da 'yan'uwansa.

2.0 Gundarin Labari

Kalmar ghul daga Larabci ta fito, inda take nufin wani aljanin jeji mai cin gawa. Ishida ya ɗauko shi daga jeji ya zaunar da shi tsakiyar birnin Tokiyo cikin siffar ɗan Adam. Jinsin ghul na tafiya makaranta, suna ciniki, amma cikinsu ba ya karɓar kome sai naman mutum. Ke nan sun fi kusa da maye a tunanin Bahaushe, wanda ake zaune da shi unguwa ɗaya, a kan dodon tatsuniya da ke can bayan gari.

Tauraron labarin, Ken Kaneki, ɗalibin adabi ne a jami'a. Wata budurwa mai suna Rize ta yaudare shi don ta cinye shi, sai ƙarafan gini suka rikito kanta. Likita ya dasa masa wani sashe na kayan cikinta, ya farka rabi mutum, rabi ghul.

3.0 Warwarar Jigo

Abin lura shi ne, marubucin bai fara nuna masifar Kaneki da kisa ba. Da ɗanɗano ya fara. Duk abincin da ya saba so ya koma masa abin ƙyama, har ya kasa cin abinci tare da amininsa Hide. Daga nan kaɗaici ya shiga, domin wanda ba ya ci da mutane dole ya yi musu ƙarya.

An faɗaɗa wannan jigo a gidan shan gahawa na Anteiku. Gahawa ce abu guda da jinsunan biyu suka yi tarayya wajen jin daɗinsa, saboda haka nan ne kaɗai suke iya zama tebur ɗaya. Mai gidan, dattijo Yoshimura, yana ciyar da yaransa da gawar waɗanda suka kashe kansu. Shi ne ya koya wa Kaneki yadda zai haɗiye loma ba tauna, ya yi kamar yana jin daɗi, daga baya ya amayar. Haka ita ma Touka takan tilasta wa kanta cin girkin ƙawarta Yoriko ko da yake yana raunana ta, don kada ta zubar da abin da aka ba ta da ƙauna. A ganinmu babu wani fage na yaƙi a littafin da ya kai wannan ƙaramin fage nauyi.

Bugu da ƙari, Ishida bai bar mai karatu ya huta a ɓangare guda ba. Jami'an hukumar CCG masu farautar ghul suna ƙera makamansu ne daga jikin ghul ɗin da suka kashe. Jami'i Mado ya kashe mahaifiyar yarinya Hinami da makamin da aka yi da jikin mahaifinta. Amma da aka kashe Mado, sai ga zoben aure a yatsarsa, wato shi ma ya bar iyali. Ta haka aka nuna cewa kowane ɓangare na rayuwa ne da jikin ɗan'uwansa, kuma kowanne na da marayunsa.

4.0 Zubi da Salo

Salon zanen ya dace da jigon. Yawan baƙin tawada, da idon Kaneki guda da ke rikiɗa, da takunkumin fuska da kowane ghul ke sawa, duk suna nuni ga rayuwar ɓoyo. Farin gashin da ya fito masa bayan azabar da Yamori ya gana masa, inda aka sa shi ƙirga daga 1000 yana rage bakwai-bakwai, alama ce ta ranar da ya yarda da yunwarsa.

Sai dai zubin bai tsira daga rauni ba. Daga tsakiyar labarin, musamman a Tokyo Ghoul:re, taurari sun yi yawa, ƙungiyoyi sun hau kan juna, yaƙe-yaƙe sun tsawaita, har wani lokaci ido kan kasa bambance wanda ya kai sara da wanda aka sara. Tambayar da aka fara da ita, ta wanda zai ci da wa, ta kusa nutsewa cikin hayaniyar makamai.

5.0 Kammalawa

Duk da wannan rauni, juzu'an farko sun isa su sama wa littafin gurbi a fagen nazari. Ya cancanci manazartanmu su duba shi kafaɗa da kafaɗa da labaran maita, inda a nan ma ake tuhumar maƙwabci da cin maƙwabci. Bambancin shi ne, Ishida ya miƙa wa wanda ake tuhuma bakin magana, ya bar shi ya faɗi yadda yunwar take daga ciki.