Birin da Aka Bayar Ranar Nasararsa

Cikin watan Oktoba na 1997 gidan talabijin na TV Tokyo, a ƙasar Japan, ya nuna kashi na 29 na Pokémon, watau wasan nan na zane inda yara ke kama dodanni, su horar da su, su haɗa su faɗa. Wannan kashi na dambe ne. Bayan an juya wasan da Larabci a Damaskas, tashar MBC ta kai shi gidajen ƙasashen Larabawa, har unguwanni irin su Al Muntazah a birnin Doha. A nan Doha ɗin ne, cikin 2001, Shaihu Yusuf al-Ƙaradawi ya ba da fatawar haramta Pokémon, saboda cacar katunansa da kuma rikiɗar dodanni wadda ya ce koyarwar Darwin ce. Kukan masu kallo game da wannan kashi kuwa dabam ne. Su maganar amana suke yi.

Ga yadda labarin yake. Wani mutum mai suna Anthony ya bar iyalinsa ya tare a gidan horo da dodonsa Hitmonchan, ba shi da buri sai cin gasar da ake kira P1. 'Yarsa Rebecca ta roƙi yaron nan Ash ya shiga gasar ya ka da uban, ko ya hakura ya komo gida. Ash ya shiga da Primeape, wani biri mai hancin alade da baƙar zuciya, wanda ya kama tun kashi na 25, ba ya kuwa jin maganarsa. A karon farko aka jefo birin waje da fage, Ash ya yi tsalle don ya tare shi. Daga nan biri ya soma biyayya. Ɓarayin nan na Team Rocket suka sato Hitmonlee, mai faɗa da ƙafa, suka sa gam ya kama ƙafar Hitmonchan. Da Rebecca ta faɗa fage don ta kare shi, sai uban ya shiga gabanta, ya jefa tawul, ya sallama. A karon ƙarshe Primeape ya ka da Hitmonlee, ya ɗauki ɗamara. Sa'an nan Anthony ya ce a ba shi birin ya horar da shi ya zama zakara na sosai. Ash ya ba shi nan take.

Damben kansa ba wanda ke kushe shi, gama waɗanda suka tsara shi sun san fage. Sunan gasar daga K-1 aka kwaikwayo shi, gasar naushi da shuri da aka fara a Japan cikin 1993. Da Turanci sunayen dodannin biyu na Bruce Lee da Jackie Chan ne. Da Japananci kuwa an ɗauko su daga Tadashi Sawamura, gwanin shuri, da Hiroyuki Ebihara, wanda ya ci kambun duniya na dambe cikin 1963.

A kan kyautar birin ne masu kallo suka rabu biyu. Waɗansu suka ce Ash ya ci amana: dabba ta yarda da kai da safe, ka ba da ita kafin magariba? Suka ƙara da cewa masu rubutun ne suka rasa yadda za su yi da dodo mai ƙarfi haka, suka nemi hanyar yar da shi. Waɗansu kuma suka ce a'a, ai ƙauna ke nan, ka kai naka wurin wanda ya fi ka sanin sana'ar.

Bahaushe ba zai ga maganar ta biyun baƙuwa ba. A ƙasar Hausa yaro mai sha'awar dambe, wasan da aka sani da mahauta, yakan bi ubangida gari gari da kaka, yana ɗaukar kaya yana kallon manya, har ya isa a naɗe masa hannu da zare ya shiga a ɓangaren Kudu, ko Arewa, ko Guramada. Ba wanda ke kiran wannan cin amana. Amma mai koyo ake kaiwa. Wanda ya yi kisa a karon ƙarshe, makaɗa na wasa shi kamar yadda Ɗan Anace ya wasa Shago, ba a kama hannunsa a ce ya je a mai da shi zakara. Me ya rage? Ɗamarar tana ƙugunsa. Nan dai masu maganar farko sun fi gaskiya.

Duk da haka ɓangarorin biyu biri suke kallo, alhali babban rauni yana wurin yarinya. Labarin ya tashi ne daga kukan Rebecca, kuma wurin da ya fi kowane kyau shi ne sa'ad da uban ya zaɓi 'yarsa ya bar ɗamara. Da an tsaya nan, da wasan ya cika. Sai ga shi kafin a watse an damƙa wa mutumin nan sabon ɗan dambe, mai ƙarfi, mai wuyar hali, wanda zai ci lokacinsa fiye da na da. Wanda ya damƙa masa kuwa shi ne yaron da aka roƙa ya raba shi da fage. An gudu ba a tsira ba ke nan. Masu rubutun sun warware matsalarsu ta yawan dodannin Ash, suka ɗaure wa Rebecca tata sabuwa, ba su ko lura ba.

Labarin Ash ya ƙare a talabijin cikin Maris na 2023, shekara 25 da 'yan watanni bayan wannan gasa. Bai koma ya karɓi birinsa ba, ba a kuma nuna ko Anthony ya zauna gida ba.