Keɓaɓɓun Kalmomin Sadarwar Kwamfuta a Hausa: Sharhi Daga Mahangar Hausawan Sudan

1.0 Gabatarwa

Kalmomin fannin harshe da adabi sun yi sa'a, domin masana sun zauna sun tace su, aka fitar da Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi a 1990 ƙarƙashin jagorancin Dalhatu Muhammad. Kalmomin kwamfuta kuwa yawancinsu daga gidajen rediyo da jaridu da masu yi wa kamfanoni fassara suka fito, kowa da tasa, kuma da su ɗalibi yake cin karo idan zai bayyana darasin sadarwa da Hausa. Wannan takarda za ta auna kaɗan daga cikinsu da ma'aunin da ba a saba ba, wato kunnen ɗalibi Bahaushe na ƙauyukan Jazira da gaɓar Shuɗin Nilu a Sudan.

Hausawa da Fulani sun daɗe a wannan yanki. Wasu hanyar hajji ce ta ajiye su, wasu kuma sun biyo Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, bayan yaƙin Burmi na 1903, suka kafa garin Mai Wurno kudu da Sinnar. Aikin noman auduga na Jazira, wanda ya kankama a 1925 da kammala madatsar ruwa ta Sinnar, ya jawo ƙarin jama'a. Abu-Manga (1999) ya nuna yadda Larabci ya ratsa Hausarsu. Ɗansu da Larabci yake karatu, har a jami'a tun bayan sauyin 1990. Saboda haka ba ya da Turancin da ɗan Kano yake jingina da shi a ɓoye idan kalmar Hausa ta gaza. Kalmar da ta isar masa da ma'ana, da ƙafarta ta tsaya.

2.0 "Yanar Gizo" da "Intanet"

Babbar matsalar tana nan. A rubuce-rubuce da dama ana musanya waɗannan kalmomi biyu kamar abu ɗaya suke nufi, alhali kuwa darasin farko na fannin shi ne rarrabe su. Intanet ita ce haɗakar hanyoyin da kwamfutoci suke magana da juna ta kansu. Tushenta ARPANET ce ta Amurka a 1969, kuma ta koma kan ƙa'idojin TCP/IP ranar 1 ga Janairu, 1983. Yanar gizo kuwa, wato shafukan nan masu liƙe da juna, Tim Berners-Lee ne ya gabatar da tsarinta a cibiyar CERN a 1989. Ke nan intanet hanya ce, yanar gizo kuma ɗaya ce daga cikin kayan da ake ɗorawa a kanta, kamar yadda wasiƙar imel take wani kayan daban.

A matsayin fassara, "yanar gizo" ba ta da aibi. Larabci ma haka ya yi da ash-shabaka al-ankabutiyya, don haka ɗalibin Sudan zai gane ta nan take. Aibin shi ne an bar ta ta haɗiye maƙwabtanta.

Abin da ya faru a Fabrairun 2024 ya nuna illar haka. Ana cikin yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023, layukan Zain da MTN da Sudani suka ɗauke, kuma a Jazira abin ya ɗauki watanni. Mutane suka riƙa biyan kuɗi a wuraren da aka kafa faifan Starlink don su karɓi kuɗin da 'yan'uwa suka turo ta Bankak. Me ya lalace a nan? Shafukan duniya suna nan lafiya. Abin da ya yanke shi ne mahaɗin da ke tsakanin wayar mutum da sauran duniya, sai tauraron ɗan'adam ya zama wata ƙofar shiga. Ɗalibin da "yanar gizo" kaɗai aka ba shi zai ce yanar gizo ta mutu, kuma ba zai iya bayyana dalilin da ya sa saƙon WhatsApp ya wuce a lokacin da kiran waya ya ƙi shiga ba.

Kalma ta uku ma ana bukatarta, ta kowace haɗakar na'urori komai ƙanƙantarta, ko da kwamfutoci biyar ne a ɗaki guda. Ɗan Kano yana cewa "babu sabis" ko "babu netwok", ɗan Maraɗi yana cewa "rezo", a Sudan kuma shabaka ake cewa, wadda asalinta ragar kamun kifi ce. "Hanyar sadarwa" da ake yawan rubutawa ta yi faɗi, domin rediyo ma hanyar sadarwa ce. "Ragar sadarwa" ta fi kusa, tun da tana nuna ƙulli da zare, wato na'urori da mahaɗansu.

3.0 Kalmomin da Suka Sauya Ma'ana a Hanya

Wasu kalmomin Larabci ne Hausa ta ara tun da daɗewa ta ba su sabon aiki, sai su zame wa ɗalibin Sudan tarko. "Manhaja" ita ce misali mafi bayyana. A makarantarsa manhaj tsarin karatu ne, kuma a Hausa ma wannan ma'ana tana nan da ranta. Idan aka ce masa ya sauke manhaja a wayarsa, littafin aji zai fara zuwa masa a rai, domin abin da ake nufi barnamaj ko taɗbiƙ ya san shi. Haka "na'ura", wadda a Larabci keken ɗebo ruwa ce daga kogi. Waɗannan sun riga sun zauna, ba a cewa a tumɓuke su, sai dai malami ya yi gargaɗi a kansu.

"Uwar garke" kuwa ba ta zauna ba tukuna, kuma bai kamata a bar ta ta zauna ba. Ana nufin kwamfutar da take jiran buƙata daga wasu ta biya musu. Uwar garke jagora ce, ita ake bi. Wannan kwamfuta ba ta jagorantar kowa, aike take amsawa. Larabci ya kira ta khadim, kuma Hausa ta daɗe da "hadimi" a bakinta. Da an ce "hadimi" da "mai buƙata", da dangantakar ta fito fili ga ɗan Sakkwato da ɗan Wad Madani baki ɗaya, ba tare da an nemi "saba" ta Turanci ba, wadda take rikicewa da aikatau na Hausa.

4.0 Misalin Magudanar Ruwa

Duk mai koyar da ɗan Jazira zai so ya yi misali da ruwan noma: babbar magudana daga Sinnar, sai rassanta, sai abu ishirin, sai abu sitta da take shiga gona. Misalin yana da amfani wajen bayyana faɗin layi, domin ƙaramar magudana ba ta ɗaukar ruwan babba. Daga nan ya ƙare. Ruwa gefe ɗaya yake gangarawa, ta hanya ɗaya. Saƙo a intanet kuwa yayyanka shi ake yi ƙunshi-ƙunshi, kowane ƙunshi da adireshin mai aikawa da na mai karɓa, kuma suna iya bin hanyoyi daban-daban kafin a sake jera su a can. Idan ɗaya ya ɓata, ƙa'idar TCP takan sa a sake turo shi. "Ƙunshi" kalma ce mai kyau a nan, kuma misalin da ya dace da ita shi ne na kayan da aka rarraba wa motoci da yawa a tasha, kowane ɗauri da suna da lamba a jikinsa.