Street Food: Asia, Shirin da Ya Mutunta Masu Sayar da Abinci a Bakin Titi

A ranar 26 ga Afrilu, 2019, kamfanin Netflix ya saki wani shiri mai kashi tara da ya sa wa suna Street Food: Asia. David Gelb da Brian McGinn ne suka ƙirƙiro shi, waɗanda aka sani da shirin Chef's Table mai bin manyan kuku na gidajen abinci masu tsada. A wannan karon sai suka sauko da kyamararsu bakin titi. Kowane kashi kimanin rabin awa ne, kuma birni guda yake ɗauka. Biyar daga cikin biranen suna Kudu maso Gabashin Asiya: Bankok a Tailan, Yogyakarta a Indunusiya, Ho Chi Minh a Biyetnam, Singafo, da Cebu a Filifin. Ragowar huɗun su ne Osaka, Delhi, Chiayi da Seoul. Duk wanda ya taɓa bin layin ƙosai a Samaru ta Zariya da sassafe, ko ya zauna a bencin mai shayi a Sabon Gari bayan isha'i, zai ji kamar labarin mutanen unguwarsu ake ba shi.

Babban abin da shirin ya yi nasara a kai shi ne ya fifita mai girki a kan girkin. Ba ya koya maka yadda ake haɗa miya, ba ya kuma yawo da kai daga wannan shago zuwa wancan yana cewa nan da daɗi. Mutum ɗaya yake zaɓa a kowane birni, ya bar shi ya yi magana da bakinsa cikin harshensa, sannan ya kawo wasu biyu ko uku su cike hoton garin.

Da Jay Fai ta Bankok aka buɗe. Tsohuwa ce da ta haura saba'in, tana tsaye gaban kaskonta a kan garwashin gawayi, sanye da ƙaton tabarau saboda tartsatsin mai. Da can tela ce, gobara ta cinye mata kayan sana'a, ta koma girki. Wainar ƙwai da naman ƙaguwa da take yi ita ta jawo mata tauraron Michelin a ƙarshen 2017, lambar da aka saba ba wa gidajen abinci na alfarma. Har lokacin da aka ɗauki shirin, kowane faranti da hannunta yake fita.

Kashin da ya fi ratsa ni shi ne na Yogyakarta. Mbah Satinem, tsohuwa mai sayar da kayan zaƙi, tun da tsakar dare take tashi aiki, kafin gari ya waye ta zauna a gefen titi mutane sun kewaye ta. Tana warware ganyen ayaba daga curin shinkafa mai danƙo da ake kira lupis, ta ɗauki zare ta yayyanka shi, ta barbaɗa kwakwa, sannan ta kwarara ruwan sukari mai duhu a kai. Kyamara ta tsaya a kan yatsunta, ba gaggawa. A wajen mahaifiyarta ta koyi sana'ar, 'yarta kuma tana gefe tana taya ta. Bazazzagin da ya tashi da mazarƙwaila ba ya buƙatar a gaya masa yadda wannan zaƙin yake a baki.

A Singafo kuwa labarin gado ne. Aisha Hashim ta yi karatun haɗa kek a Amurka, amma ta dawo ta karɓi rumfar iyayenta ta putu piring, ƙaramar wainar garin shinkafa da ake turarawa da sukarin kwakwa a cikinta. Ta shigo da injuna don rage wahala, ta buɗe rassa. Tambayar da ke ƙarƙashin kashin ita ce wadda ke damun kowace sana'ar hannu: idan tsofaffi sun gaza, wa zai karɓa? Hukumar UNESCO ta sanya al'adar rumfunan abinci na Singafo cikin jerin gadon al'adun duniya a Disamba 2020, kuma batun magada yana cikin abin da mutanen ƙasar suke ta nanatawa.

To, me ya haɗa wannan da Zariya? Samaru gari ne da ciyar da baƙi ya raya. Tun da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, dubban ɗalibai daga kowane lungu na Najeriya suke cin abinci a hannun matan Samaru. Ka tsaya wajen mai waina da safe ka gani. Tanda na kan murhu, tana ɗiga mai a kowane gurbi, ta zuba ƙullu, ta juya da cokali ba tare da ta duba ba, kunnenta na wajen masu cewa “Inna, a sa min na ɗari biyu,” “Inna, a ƙara yaji.” Ta san wanda ya riga wani zuwa, ta san ɗalibin da kuɗinsa ya ƙare sai ƙarshen wata. Waken ƙosai da masarar koko ma suna da alaƙa da unguwar, domin a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ake fitar da irin wake na SAMPEA da na masara na SAMMAZ da manoma ke shukawa.

Sabon Gari kuma jirgin ƙasa ne ya kafa shi a farkon ƙarni na 20, lokacin da ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa daga kudu suka sauka a wajen ganuwa. Shi ya sa a layi ɗaya za ka tarar da amala da sakwara da tuwon shinkafa, ga mai tsire yana fifita wuta, ga mai fura da nono. Irin wannan cakuɗar ta Malay da Sinawa da Indiyawa ce shirin ya nuna a Singafo. Ga fate da aka san Zazzau da shi, ga alkaki da nakiya da dublan da tuwon madara da har yanzu mata ke yi a cikin gida ana kaiwa gara. Kowannensu akwai gwanar da ta ƙarar da ƙuruciyarta a kansa, kuma babu wanda ya taɓa zama ya tambaye ta yadda ta fara.

Duk da yabon nan, shirin yana da raunin da bai kamata a rufe ido a kai ba. Na farko, tsarin labarinsa guda ne: wahala, sannan jarrabawa, sannan buɗi. Kafin ka kai kashi na biyar ka riga ka san inda kiɗan tausayi zai shigo. Rayuwar mai sayar da abinci ba kullum take ƙarewa da layin masu saye ba. Akwai wadda tsadar gawayi da mai ta sa ta kife tanda, kuma irinta ba ta samu wuri a shirin ba. Na biyu, kyamara ta ƙawata komai har ta ɓoye lissafi. Ba a cika faɗin nawa ake sayarwa, nawa ake samu, ko wa ke wanke kwanuka ba. Wainar Jay Fai kanta ta fi ƙarfin aljihun leburan Bankok. An taɓo batun yadda hukumomin birnin ke korar masu sayarwa daga gefen titi, amma an wuce shi da sauri, alhali shi ne fargabar kowane mai tebur a duniya. Na uku, zaɓen biranen ya bar gibi: mutanen Maleshiya sun koka da aka tsallake ƙasarsu. Bayan Asiya an yi na Latin Amurka a 2020, an yi na Amurka a 2022, amma Afirka shiru. Ya kamata kuma mai kallo Musulmi ya sani cewa a wasu sassan shirin akwai naman alade da giya, kuma fassarar da ke ƙasan allo ba ta Hausa ba ce.

Waɗannan ba su rage wa shirin daraja ba. Ya yi abin da ba a saba yi ba: ya zaunar da tsohuwa mai talla a kujerar da ake ajiye wa manya, ya saurare ta da ladabi. Muna da shirye-shiryen koyar da girki a tashoshinmu, irin su Akushi da Rufi na Arewa24, kuma suna da amfani. Abin da ba mu da shi shi ne shirin da zai bi mai awara gida ya ga ƙarfe nawa take tashi niƙa waken suya, ko ya tambayi mai shayi daga wane gari ya zo da yadda ya sayi tebur ɗinsa na farko.

Wannan aikin ba sai mun jira Netflix ba. Ɗaliban sashen aikin jarida da na wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello, da masu shirya finafinan Kannywood, ku kalli kashin Yogyakarta da na Singafo da idon koyo. Sannan ku ɗauki kyamara ku fita ƙofar jami'a, ku gaida Inna mai waina, ku nemi izininta, ku bar ta ta ba da labarinta da bakinta tun tana da ƙarfin bayarwa.