Kwaɗon roba da kifin bas: nazarin wata fatsa ta Amurkawa

A tafkin Guntersville da ke jihar Alabama ta Amurka, idan zafi ya fara ja da baya wajen Satumba da Oktoba, ciyawa takan taso ta rufe saman ruwa kamar an shimfiɗa tabarma. Gansakuka ta hau kanta, ta yi kumfa, ta koma rawaya. Duk wanda ya taɓa riƙe fatsa ya san nan ba wurin jefa ƙugiya ba ne, domin kafin ta nutse ta yayumo ciyawa. Sai dai a ƙarƙashin tabarmar nan akwai inuwa da ƙananan kifaye, kuma can ne kifin da Amurkawa ke kira bas yake laɓewa. Sunan kawai ya haɗa shi da motar haya. Mafarauci ne mai wawakeken baki, wanda yawanci ake kamawa bai wuce kilo 1 zuwa 2 ba, ko da yake wanda George Perry ya kama a Jojiya a 1932 ya ɗan haura kilo 10, kuma a 2009 Manabu Kurita ya kamo tsaransa a tafkin Biwa na Japan.

Don a isa wurin wannan kifi aka ƙera kwaɗon roba. Jikinsa taushi gare shi, cikinsa holoƙo, ƙafafunsa zararan roba ne masu lilo. Ƙugiya mai baki biyu ta ratsa cikinsa, bakunan suka lanƙwaso sama suka kwanta a gadon bayansa, ta yadda zai bi ta kan bado da ciyawa da rassan itace bai sarƙe ba. Kamfanin Snag Proof, wanda ya fara a birnin Cincinnati, yana cikin waɗanda suka fara fito da irinsa tun farkon shekarun 1960. To, a nan gizo ke saƙa. Ɓoye ƙugiyar da ya hana ta kama ciyawa, shi ne ke hana ta kama kifi. Sai kifin ya haɗiye kwaɗon, ya matse shi da muƙamuƙinsa har robar ta lotsa, sannan tsinin zai fito. A ganina duk dabarun wannan fatsa, daga na kayan aiki har na hannu, ƙoƙari ne na biyan bashin wannan ɓoyewa.

Dubi kayan. Sandar mai tauri ce, tsawonta ƙafa 7 ko fiye kaɗan. Zaren kitsattse ne da ke ɗaukar nauyin laba 50 zuwa 65, wato kilo 23 zuwa kusan 30, don kifin da bai kai kilo 3 ba. Baƙo zai ce an ɗauko gatari don yanka kaza. Amma kitsattsen zare ba ya miƙewa, saboda haka ƙarfin fizgar yana isa ga ƙugiya bai ragu ba, zaren kuma yana yanka ciyawa kamar lauje. Kifin da ya ji ƙarfe a baki ƙasa yake nufa, ya naɗe kansa, sai a jawo shi da damin ciyawar da ya fi shi nauyi. Shi ya sa injin naɗe zaren ma mai sauri ake so, don a ɗago kan kifin kafin ya nutsa.

Masu abin ba sa barin kwaɗon yadda ya fito daga kwali. Su rage tsawon ƙafafun da almakashi don kada kifi ya cafki jela ya bar jiki. Su sa filaya su ɗan buɗa bakunan ƙugiyar, kaɗan ƙwarai, don in aka zarce an koma gidan jiya, ciyawa za ta kama. Wasu su tsoma shi a ruwan zafi ya ƙara laushi, wasu su cusa masa 'yan ƙararrawa ko ƙwayoyin dalma don ya danna tabarmar, kifin da ke ƙasa ya ji wucewarsa. Bayan 'yan jifa kuma sai an matse shi an fitar da ruwan da ya sha.

Tafiyar da shi iri-iri ce. A kan ciyawa mai kauri ja ake yi, a tsaya, a sake ja, in an zo wata 'yar kafa da ruwa ya bayyana a bar shi ya daɗe a bakinta. A sarari kuwa, ana kaɗa kan sanda ƙasa-ƙasa da zare sako-sako, sai kwaɗon ya riƙa karkata hagu da dama alhali bai matsa gaba sosai ba. Dean Rojas na jihar Arizona ya yi suna da wannan a shekarun 2000, yana wurga kwaɗo ya yi tsalle-tsalle a kan ruwa ya shige ƙarƙashin rassan da suka sunkuyo. Kafin zamaninsa yawancin mutane a kan ciyawa kaɗai suke ganin amfanin kwaɗo.

Sai babbar magana, lokacin da kifi ya kawo sura. Ruwa shiru, kwaɗo na zaune, kwatsam tabarmar ta fashe, ciyawa ta yi sama, ka ji fanjam. Hannu da kansa yake son fizga, kuma wanda ya fizga a lokacin sai ya kauce, don kwaɗon zai taso ya nufo fuskarsa, baki babu kifi. Sau da yawa bas ɗin bai ma ga abin sosai ba, motsi ya bi ya doki ciyawar, ko ya ture kwaɗon gefe. Saboda haka ake koya wa sabon shiga ya ƙirga ɗaya, biyu, kafin ya fizga. Ban raina wannan ƙa'ida ba, maganin garaje ce. Amma ƙirga ba ta san abin da ke cikin ruwa ba. Wani kifin ya haɗiye tun a surar farko, kafin ka kai biyu ya ji roba ce ya tofar, ko ya riga ya naɗe a ciyawa. Abin da gwanaye ke yi ya fi wannan sauƙin faɗa: su duba ko kwaɗon ya ɓace, su sunkuyar da sanda, su naɗe rarar zare har su ji nauyi, sannan su fizga sama da iya ƙarfinsu. In kuwa kwaɗon na nan yana yawo, ba a janye shi. A bar shi, a ɗan motsa, kifin kan dawo. In bai dawo ba, a jefa tanar roba cikin ramin da ya huda.

Wurin da nake ganin an fi yaudarar mai saye shi ne launi. Kantuna cike suke da kwaɗi masu zanen baya kamar su yi kuka, ɗigo-ɗigo, ido sak na mai rai. Kifi kuwa daga ƙasa yake kallo, ciki yake gani, wani lokaci ma inuwa kawai. Shi ya sa tsofaffin hannu ba su cika wuce fari da baƙi da mai ɗan rawaya ba. Ko sunan ma akwai ayar tambaya a kansa, tunda a wurare da yawa ƙananan kifaye ne abincin bas, kuma da wuya a ce duk wanda ya kawo sura kwaɗo ya zata.

Me ya sa mutum zai nace wa koton da kifi ke kuskurewa haka? Masu gasa suna da hujjarsu: a gasannin ƙungiyar B.A.S.S., wadda Ray Scott ya kafa a ƙarshen shekarun 1960, kifi 5 ake aunawa a yini, don haka manya ake nema, kuma manyan na ƙarƙashin ciyawar da sauran koto ba sa shiga. Saura kuwa, in za su faɗi gaskiya, fashewar ruwan nan suke bi. Ba miya ake nema ba. Tun 1972 ƙungiyar ta fara kiran a riƙa sakin kifi da rai, abin ya zama al'ada. Mutum ya yini a rana, ya yi jifa har kafaɗa ta yi tsami, ya jawo damin ciyawa, ya sa hannu ya tone kifin daga ciki, ya riƙe shi ta leɓen ƙasa a ɗauke shi hoto, ya mai da shi ruwa. Sannan ya matse kwaɗon, ya gyara masa ƙafa, ya dubi ramin gaba.